Bakwai Mai Ɗamara

9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yata Balbela da ke hannunki. Mu nan alhamdulillahi. Tagwaye ne suka yi mura, ɗaya ya warke ya miƙa wa ɗan'uwansa kamar abin arziki. Babansu yana can wurin aikin titi, sai ƙarshen wata muke ganinsa, in ya zo ɗin ma barci ne tsarabarmu. Ni kuwa gwiwar hagu ta fara yi mini tsiya in ina hawa tsani.

Kin ce me ya sa nake wahalar da direban motar kaya da takarda, ga waya a hannuna. Ai kin san halina. A waya bakina yana riga hankalina fita, takarda kuwa ko ba komai ina iya yagawa in sake. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma an ce su ma haka suke, in sun haɗu faɗa, in sun rabu saƙo.

Wasiƙarki ta iso da hoton. Tun daga kwanan wata na fara dariya. Har yanzu ba ki daina ɗaura wa lambar bakwai ɗamara a ƙugu ba? Da a ɗakin gwajin ruwan da nake aiki kike, da tuni oga ya sallame ki, don in kwalba ta yi raɓa tawada ta baje, bakwai mai ɗamara huɗu take komawa. Shi ya sa tun Balbela na aji ɗaya na kama hannunta na koya mata tata a tsaye, ba ado, irin tawa. Fiye da rabin kwalaben bincikena ita ta rubuta musu lamba, tana zaune a ƙarƙashin tebur ta fito da harshe waje.

To, hoton. Balbela ta yi ƙiba, dogon wuyan nan da ya ja mata suna har ya fara cikowa, Allah ya saka miki. Amma ba zan ɓoye miki ba, ba ita kaɗai na kalla ba. Teburinki na kalla. Ga shi a jikin taga, rana ta faɗo a kan littattafai, har da wata 'yar shuka a gwangwani. Auta, ashe akwai masu karatun digirin dakta da hantsi? Ni shekara bakwai ke nan ina nawa a lokacin cin abincin rana, cokali a dama, takarda a hagu. Ran Asabar kuma in bi gidajen mutane ina roƙo a bar ni in hau rufi in ɗebi ruwan tanki, in gwada tsatsa da dalmar da ke ciki. Ke sau ɗaya kika nemi tallafin gidauniyar nan aka ba ki. Ni sau uku, amsa ɗaya: masu haɗa karatu da aiki ba sa ciki, ai suna da albashi. Kamar albashin ni kaɗai nake ci! Ina taya ki murna, wallahi ina taya ki, amma ina jin wani abu a ƙasan haƙarƙarina, kuma ƙyashi ne, ba sai na sa masa wani suna ba.

Shekaranjiya na je jami'a na ga sanarwa a allo: gidauniya ta fito da sabon alawus don ɗaliban dakta masu 'ya'ya. Wai don a yi wa iyaye adalci. Na tsaya gaban allon nan, har na hango kaina na ɗauki hutun wata uku ba albashi na zauna ina rubuta kundina. Sai na kai layin ƙarshe, wanda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: ɗaliban cikakken lokaci kaɗai. Ki gaya mini, wace uwa mai 'ya'ya uku ce za ta ajiye aiki ta rungumi karatu zalla? 'Ya'yan ne fa suka sa muke yinsa gutsi-gutsi. An dafa abinci don mai yunwa, an ce sai ƙosasshe zai shiga ɗakin.

Wa'adina ƙarshen Yuni ne. Malamin da ke duba aikina ya ce babu ƙari, jami'a ta rufe wannan ƙofar. Gwaje-gwaje na gama kusan duka, rubutu ya rage, kuma rubutu ba ya yiwuwa da cokali a hannu. In Yuni ya wuce, shekarun nan sun bi ruwa.

Ki shafa mini kan Balbela. Ki tuna shekara ɗaya muka yi da ke. Na ba ki ita ne saboda a nan ta koma mai renon tagwaye duk sanda na buɗe littafi, har makinta ya faɗi a makaranta, kunya ta kama ni. Wata biyar sun tafi, saura bakwai. Ina ƙirgawa.

Yayarki.


27 ga Satumba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami saƙonki, na kuma ɗaura wa bakwai ɗin yau ɗamararta da kyau don ki ji haushi. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa tagwaye sauƙi. Ki nemi maganin gwiwar nan kafin ta kayar da ke daga rufin wani, a ce dangi sun zuba miki ido.

Balbela kam sai godiya. Haƙorinta na gefe ya fita, ta adana shi a kwalin ashana, wai sai ta nuna miki. Malamarsu ta ce a lissafi ba wanda ya kama ƙafarta. Na yi mata katin laburare, in ta taso makaranta can take iske ni, ta ja kujera kusa da tawa, ni da littafina ita da nata, har ƙarfe biyar.

Bari in ba ki dariya. Ranar nan ta ce in ta girma irin karatuna za ta yi. Na ce ai gado za ta yi, Ummanta ma shi take yi, har ta riga ni farawa. Sai ta zaro ido ta ce, "A'a Anti, Umma ai tanki take hawa." Na yi dariya har mai kula da laburare ya ɗaga mini yatsa. Na yi mata bayani, ta ce to ita ba ta taɓa ganinki zaune kina karatu irin haka ba. Yaro dai yaro ne.

Maganar teburi kuwa, Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tallafin nan da kike gani, an hana ni taɓa kowane irin aiki, kowane wata uku sai na kai rahoto kamar wadda aka ba beli. Kafin Balbela ta zo, nakan yi kwana biyu ban yi magana da kowa ba sai shukar nan ta gwangwani. Ke kina da masu jan zanenki in kin dawo gida. Ban ce ki ji tausayina ba, na ce dai ki sani.

Zancen alawus ɗin iyaye ya tsaya mini a rai. Gaskiyarki ce, ba a kyauta ba. Akwai abin da ya faɗo mini, amma ba zan faɗa ba sai na je ofishinsu na tambaya, kada in sa miki rai a banza. Zan rubuto.

Ƙanwarki, Auta.


6 ga Nuwamba

Auta,

Sallama. Muna lafiya, in lafiyar tamu ta dame ki.

Sati biyar ina jiran "zan rubuto" ɗinki. Duk Lahadi in na kira, sallama kawai kike amsawa ki miƙa wa yarinya waya. Na ce ko karatu ne ya sha kanki. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Jiya ina wurin aiki, hannuna cikin safar roba, masinja ya kawo mini ambulan mai tambarin gidauniya. Allah ya gani, na ɗauka sun canza doka. Na cire safar, na wanke hannu, na nemi kujera na zauna kafin in buɗe. Abokiyar aikina har ta fara yi mini barka. Sai ga fom. A sama sunanki, mai neman alawus na iyaye. A tsakiya sunan 'yata da ranar haihuwarta, ranar da na kwana biyu ina naƙuda, ke kina can kina rubuta jarrabawa. A ƙasa wani ɗan layi da aka bar mini: sa hannun mahaifiya, mai tabbatar da cewa kulawar yarinya gaba ɗaya tana hannun mai nema, kuma za ta ci gaba da zama a hannunta shekara biyu.

Shekara biyu! Yaushe ɗaya ta haihu?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni na haifa, ni na yi goyo, ni gidauniya ta kora sau uku, sannan ranar da suka tuna da iyaye, ke ce uwar? Da bakina na ba ki labarin alawus ɗin, ni na nuna miki ƙofar. Tallafin bai ishe ki ba, teburin bai ishe ki ba, tagar da ranar ba su ishe ki ba, sai kin haɗa da 'yata kin cike fom.

Labarin da kika ba ni don in yi dariya kuma, ban yi ba. "Umma tanki take hawa." A motar haya na karanta, sai da na juya fuska wajen gilashi don kada a ga idona. 'Yan watanni kacal a hannunki ta gane yadda mai karatu take, kuma ba ni ba ce. Kin san abin da kike yi da kika rubuto mini shi, ko ba ki sani ba? Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Ba zan sa hannu ba. Ki haɗa mata kayanta, hutun Disamba babanta zai zo ya ɗauke ta. Ta dawo ta ga uwarta a kan tanki, ai tankin ne ya ciyar da ita.

Wannan takardar ban yaga ba, ban sake ba.

Yayarki.


12 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki duk da haka, ina gaida tagwaye da babansu. Balbela lafiya lau, ba ta san komai ba, kuma ba za ta ji daga bakina ba.

Da na karanta takardarki ko abinci ban ci ba, tasha na wuce. Na sami direban nan yana wanke mota. Wasiƙar da na ba shi tun goma ga Oktoba tana nan a aljihun ƙofar motarsa, ƙarƙashin tsumman goge gilashi, ta sha baƙin mai. An canza masa hanya na sati uku, da ya dawo ya manta. Ga ta nan na haɗo miki, ki ga kwanan watan da idonki. Ni kuma duk Lahadin nan da kike kira, jira nake ki ce kin gani. Da kika yi shiru na ɗauka fushi kike, shi ya sa nake miƙa wayar da sauri.

In man ya hana ki karantawa, ga abin da ke ciki. Na je ofishinsu na yi musu magiya a kanki, suka ce doka ce. Na ce to ni fa, da yarinya a hannuna? Suka ce ni na cancanta, muddin mahaifiya ta sa hannu, kuma kowane zango za su duba rajistar makaranta su ga yarinyar tana nan. Yadda zan kashe kuwa ba ruwansu. Sai na ce to ga hanya. Dama da abin da nake samu muke ci ni da Balbela, haka za mu ci gaba. Alawus ɗin in riƙa turo miki shi gaba ɗaya, ki ɗauki hutun nan naki na wata uku, ki rubuta kundinki kafin Yuni. Na cike fom don kada a rufe, na kuma faɗa a wasiƙar cewa in ba ki yarda ba zan janye. Ban san za su aiko miki kai tsaye ba.

Wannan ke nan. Kin kira ni gardi, na haɗiye, don ke ce babba.

Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da matar ofishin ta ce shekara biyu, Yaya, daɗi na ji. Ban tambaya ko za a rage ba. Na fito ina murmushi ni kaɗai a titi kamar wadda aka yi wa albishir. Kina ƙirga watannin da suka rage ta dawo, ni ma ina ƙirga su, kullum da safe in ina taje mata kai. Kina ƙyashin teburina. Ni kuwa tun ranar da na zo gidanki na ga yara uku sun rufe ki a bakin ƙofa, ko jaka ba ki ajiye ba, kina ta "ku bar ni in huta", nake jin irin abin nan da kike ji a ƙasan haƙarƙari. In na ce don ke kaɗai na yi, na yi ƙarya. In kin ce don kaina kaɗai, kin zalunce ni.

Maganar tanki, ban san za ta yi miki ciwo ba. Wauta ce, ki yafe.

'Yarki ce. In kin ce Disamba, da hannuna zan haɗa kayanta, har da haƙorin. Amma ki tuna da Yuni. Ranar ƙarshe ta mayar da fom goma ga Disamba ce.

Ƙanwarki, Auta.


4 ga Disamba

Ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, tagwaye sun koyi buɗe firij, ba mu da sauran kwanciyar hankali. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Shirun sati ukun nan ba laifin direba ba ne, nawa ne. Na karanta wasiƙarki mai baƙin mai, na ga kwanan watan, na ji kunya. Amma kunya ba ta kashe kishi, sai dai ta sa shi ya rage murya.

Na ce bari in gwada da ƙafata. Na ɗauki rabin yini a wurin aiki na je ofishin gidauniyar da ke jami'armu, da takardun haihuwar yara uku a jaka. Matar da ke teburin ta saurare ni har ƙarshe, ban ga laifinta ba. Ta ce, "Malama, na fahimce ki, ni ma uwa ce. Amma a tsarinmu babu gurbinki." Na ajiye mata fom ɗin na ce, "To ga ƙanwata tana da gurbi, ga 'yata tana da gurbi, ni da na haife ta fa?" Ta juyo takardar ta ɗora yatsa a kan layin nan na ƙasa ta ce, "Ga naki nan."

Na tambayi babanta, ya ce duk abin da na yanke. Maza ke nan, a bar maka wuƙa da nama don in ta yanke ka a ce kai ka riƙe. Oga kuma ya ce zai ba ni Janairu zuwa Maris, sau ɗaya tak, kada in sake zuwa masa da zancen.

Ran Lahadi na tambayi Balbela a waya, kina wanka lokacin. Na ce, "Kina so ki dawo gida Disamba?" Ta ce, "Duk yadda kika ce, Umma." Na san muryar 'yata kamar yadda na san tafin hannuna. Can ta ce, "In na dawo, wa zai riƙa zama da Anti a laburare?" Ba ta ce wa yake riƙe wa Umma tsani ba. Na ce mata kuɗin waya ya ƙare.

Na zauna na duba abin da idon basira. In na dawo da ita, ta koma renon tagwaye, Yuni ya wuce ni, kuma har ta girma abin da za ta sani shi ne Umma tanki take hawa. Ina so ta gan ni da rigar nan ta bikin yaye ɗalibai da hular, ko sau ɗaya. Ran Talata na sa hannu a kan bencin ɗakin gwaji, tsakanin kwalabe. Na aika musu da kaina.

Murmushin da kika yi a titi ban yafe ba tukuna. Amma na gode da kika faɗa, da kin ɓoye da na tsane ki.

Ga sharuɗɗana. Duk dogon hutu a gidana za ta yi, ba rabi ba. Tana ɓoye zazzaɓi don kada a hana ta makaranta, ki riƙa taɓa wuyanta, kada ki yarda da bakinta. Anti kike, Anti za ki zauna. Sai na ƙarshe: na ba direba kwali mai kwalabe goma sha biyu, na kuma gaya masa abin da zan yi masa in ya manta. Malamina yana son ruwan wani gari don a kwatanta da namu. Asabar ɗin farko ta Fabrairu ki ɗebo mini daga tankin gidanku da na maƙwabta. Balbela ce za ta rubuta lamba da kwanan wata, ta san aikin. Ke za ki hau tsanin, ki ɗanɗana.

Yayarki.


9 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in ban da cinyoyina da suka ƙi lanƙwasuwa tun shekaranjiya. Rufi shida na hau. A na huɗu iska ta ɗauke mini mayafi, maigidan yana ƙasa yana tambayata ko ni ce mai gyaran famfo. Shekara bakwai kina wannan? Na sara miki.

Balbela ce shugabar aiki. Ta hana ni taɓa bakin kwalba, ta sa na zubar da ruwan farko, ta ce haka Umma take yi. Ta gaya wa duk gidan da muka shiga cewa na karatun daktan Ummanta ne. Ita ta rubuta komai, ban sa mata hannu ba. Ga su nan cikin kwali, na cusa jarida a tsakani.

Yaya rubutu? Babi nawa?

Ƙanwarki, Auta.


17 ga Fabrairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ki shafa wa cinyoyin man zafi, kwana uku suke yi. Saƙonki na wata-wata yana isowa a kan lokaci, Allah ya biya ki.

Babi huɗu na gama, saura biyu. Malamina ya karanta ya ce in na ci gaba haka, Mayu ma zan miƙa. Na jawo teburina jikin taga. Ƙarfe takwas nake kai tagwaye makarantar reno, in dawo in zauna, rana ta faɗo a kan takarda kamar yadda na gani a hotonki. Abin da na yi shekara bakwai ina ƙyashi ga shi na samu. Ba ki gaya mini gidan yana yin shiru haka ba. Har yanzu in zan miƙe ƙafa a ƙarƙashin teburin sai na yi a hankali, kada in taka Balbela.

Kwalabe sun iso, ba wadda ta fashe. Na jera su a kan tebur ina dubawa. Yarinyar ba ta tsallake ko ɗaya ba, lamba a sama, kwanan wata a ƙasa, yadda na koya mata. Bakwai goma sha uku na ƙirga: sha biyu a kwanan wata, ɗaya a kwalba ta bakwai. Auta, kowacce da ɗamararta a ƙugu.

Na san ba ki koya mata ba. Da kin koya mata da na sami wanda zan yi wa faɗa. Zama kusa da ke kawai ta yi, tana kallon hannunki. Na ɗauki reza zan kankare, na riƙe kwalba ta bakwai har ta yi ɗumi a hannuna, sai na ajiye. Haka za su shiga kundin, da hotonsu.

Sakamako kuma, tunda za ki tambaya. Maganar gaskiya malamina bai matsa a kan ruwan wani gari ba, sau ɗaya ya ambata a tsaye yana neman makullin motarsa. Ni na so. Na ce a raina, in na sami dalma ko tsatsa a tankin da 'yata ke sha, babu fom ɗin da zai hana ni zuwa in ɗauko ta, kuma ba wanda zai ga laifina. Na roƙi oga ya bar ni na shiga ɗakin gwaji ran Alhamis. Na gwada na gidanku, na wanke kayan aiki na sake, sannan na ba abokiyar aikina ta gwada ba tare da ta san na ina ne ba. Tas yake. Ya fi na gidana.

Ki bar ta ta sha. Ki ce mata rubutunta ya yi kyau.

Umman Balbela.